Ba guntu aka tura maka ba, haka tsohon Italian Job yake ƙarewa

Ɗan'uwa, tambayarka ta fama min tsohon miki. Ka ce ka kalli The Italian Job na 2003 ya burge ka, ka nemo na 1969, sai ya tsaya cak a daidai inda bas ke lilo a bakin dutse, shi ne kake tambaya ko mai turawa ne ya cuce ka, kuma wanne ya fi a cikinsu. Don Allah kada ka koma wa bawan Allah da faɗa. Zinariyar da ɓarayin fim ɗin suka sato ta zame can bayan motar da ke reto a sama, su kuma sun taru a gaba, duk wanda ya matsa sai motar ta rinjaya. Michael Caine, wanda ya fito a matsayin jagoransu, ya juyo ya ce musu su dakata, ya samu dabara. Shi ke nan. Ni ma ranar farko sai da na tashi na duba ko faifan ne ya sarƙe.

Da yayana marigayi na fara kallonsa, Allah Ya jiƙansa. Bakanike ne, saboda haka motocin ne suka kama shi, Mini Cooper guda uku, ja da fara da shuɗiya. Inda suke gangarowa matattakalar coci a Turin, su hau rufin masana'antar Fiat, su tsallake kogin Po, su faɗa cikin ƙaton bututun magudanar ruwa, sai ya riƙa mayarwa baya yana cewa, "Kalli tayar nan, wallahi mutum ne a ciki yake tuƙi." Hannunsa duk baƙin mai, ko wankewa bai yi ba yake riƙe da rimot.

Da ya rasu faifan ya dawo hannuna, da sunansa da ya rubuta da biro a bayan kwalin. Wani abokina da muke cin abinci kwano ɗaya ya zo ya ara. Sati biyu ya ce min. Wata ya wuce, wata uku suka wuce, kullum gobe. Ranar da na matsa masa a majalisa, gaban mutane, ya ce yara sun karya shi tuntuni, wai meye abin tayar da hankali a kan fim ɗin da babu ko dambe ɗaya na kirki, ƙarshensa ma babu. Aka yi dariya. Washegari ya aiko yaro da sabon, na Mark Wahlberg, wai ya biya ni har da riba. Ko haƙuri bai ba ni ba. Ya san na wane ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Ko kwalin nan da ya dawo min da shi da na haƙura. Har yau muna gaisawa, amma iyakarta gaisuwa.

Fiye da shekara na ƙi kallon sabon saboda shi. Da na kalla kuwa, gaskiya bai cancanci ƙiyayyar da na yi masa ba. Sai dai sunaye da motoci da satar zinariya da cunkoson titi ne kawai suka haɗa shi da tsohon. A tsohon, zinariyar dala miliyan 4 ce, ga Mista Bridger, ubangidan ɓarayin, yana juya komai daga cikin kurkuku kamar sarki, ga kiɗan Quincy Jones, mutanen kuma a haɗe suke har bakin ramin. A sabon, sun kwashe ta dala miliyan 35 a Venis, sai ɗaya daga cikinsu, Steve, wato Edward Norton, ya harbe dattijonsu Donald Sutherland ya gudu da komai. Sauran fim ɗin ramuwar gayya ce a Los Angeles, da Charlize Theron a matsayin 'yar mamacin mai buɗe akwatin kuɗi. Wurin cin amanar nan kashe talabijin na yi na fita waje, ka san dalili.

Idan kana son labari mai kai da gindi, wanda azzalumi zai girbi abin da ya shuka, sabon ya fi. Ni dai tsohon nake so. Sake kallonsa, amma ba a waya ba, ka samu babban allo. Ka sa rubutun ƙasa, don Turancin 'yan Landan ɗin nan yana da wuyar kamawa. Akwai wuraren ɗan wasan barkwanci Benny Hill da ba na kallo da yara ba ne, ka kula. Na Indiya ma akwai, Players na 2012 da Abhishek Bachchan, sabon suka bi, amma waƙoƙi sun ja shi da tsawo.

Kuma in akwai wani abu na mamaci a hannunka, komai ƙanƙantarsa, kada ka ba da aro. Fim ɗin yana cikin kwamfutata yanzu, tas da shi, ya fi faifan haske ma, amma ina zuwa wurin bututun nan nake tsayar da shi.