Na Gama Gudun Fanfalaki, Tumbi Ya Dawo

Tambaya: Malam, na yi gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu. Wata biyu ke nan, na ƙara kilo 4, wandona ya ƙi shiga. Ina mafita? Mai karatu daga Jos.

Amsa: Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, kilomita 42 ba wasa ba ne. Ƙarin makon farko yawanci ruwa ne jiki ya riƙe yana gyaran tsoka, wannan ba ya daɗewa. Sauran kuwa, ka daina gudu amma cikinka bai samu labari ba, har yanzu malmala uku yake nema. Mayar da tuwon dare malmala ɗaya, ka cika kwanon da zogale, wake ko kifi. Lemon kwalba kam, ka haƙura. Ka koma sassarfa bayan asuba, minti 30, sau uku a mako.