Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ke Shata Mazaɓun Majalisun Jihohin Amurka?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda: majalisun dokokin jihohin Amurka, da yadda ake raba jiha mazaɓa-mazaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum labarin majalisar tarayyar Amurka muke ji. Shin jihohinsu ma suna da majalisu? Mutum nawa ɗan majalisar jiha ɗaya ke wakilta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk jihohi 50 ɗin suna da nasu, kuma 49 daga ciki majalisa biyu gare su, ta wakilai da ta dattawa. Nebraska ce kaɗai ta fita daban: tun 1937 majalisa ɗaya take da ita, yanzu mai kujeru 49, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a gefen sunan ɗan takara a takardar ƙuri'a. In aka haɗa ƙasar gaba ɗaya, kujerun sun haura 7,300.

Yawan mutanen mazaɓa kuwa ya danganta da jiha. Majalisar wakilan New Hampshire kujeru 400 ne a jihar da mutanenta suke wajen miliyan 1.4, wato kowane wakili na da mutum 3,400 ko kusa da haka, albashinsa kuma dala 100 a shekara. A Kalifoniya kuwa sanatocin jiha 40 ne kacal, kowannensu yana wakiltar kusan mutum miliyan ɗaya, fiye ma da abin da ɗan majalisar wakilai ta tarayya ke wakilta. Sannan ba kowace mazaɓa ce ke fitar da mutum ɗaya ba. Arizona mazaɓu 30 take da su, kowacce tana zaɓen sanata ɗaya da wakilai biyu. New Jersey ma haka tsarin yake a mazaɓunta 40.

Tambaya: Wa ke da alhakin shata iyakar mazaɓa, kuma da wane ma'auni?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, domin sau da yawa tun a wurin shata iyaka ake gama zaɓe, kafin a buga takardar ƙuri'a ko ɗaya.

Aikin yana farawa ne da ƙidaya, wadda ake yi duk bayan shekara goma, ta baya-bayan nan a 2020. Hukumar ƙidaya tana miƙa wa kowace jiha yawan mutanenta daki-daki, har zuwa matakin rukunin gidaje. Sai a raba jimillar da yawan kujeru. A ce jiha tana da mutum 3,000,000 da kujeru 100, to ma'aunin kowace mazaɓa 30,000 ke nan. Kotuna ba su tilasta a daidaita cif-cif a majalisun jihohi ba. Abin da aka saba bi shi ne kada tazarar da ke tsakanin mazaɓa mafi girma da mafi ƙanƙanta ta wuce kashi 10 cikin 100 na ma'aunin. A misalinmu, in babbar tana da 31,500, ƙaramar kuma 28,500, an kai bakin iyaka. In an wuce nan, jiha ce za ta kawo hujja a gaban alƙali. A lura kuma, mutane ake ƙirgawa gaba ɗaya, har da yara da baƙin da ba su da ikon jefa ƙuri'a, kuma Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 2016 a wata shari'a da ta taso daga Texas.

Da can ba haka abin yake ba. Jihohi irin su Tenesi da Alabama sun shafe shekara sittin ba su taɓa taswirarsu ba tun 1901, alhali jama'a sun kwarara birane. A majalisar dattawan Alabama har an kai wata mazaɓa ta ninka wata sau 41 a yawan mutane, amma kujera ɗaya-ɗaya suke da ita. A 1962, a shari'ar Baker da Carr, Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya suna da hurumin sauraren irin wannan ƙara. A 1964, a shari'ar Reynolds da Sims, ta yanke cewa dole majalisun jiha duka biyun su bi yawan jama'a. Alƙalin alƙalai na lokacin, Earl Warren, ya rubuta cewa 'yan majalisa mutane suke wakilta, ba itatuwa ko filaye ba.

Ban da yawan jama'a, yawancin jihohi suna sharɗanta cewa mazaɓa ta kasance a haɗe take ba gutsure-gutsure ba, a kuma guji tsaga gari ko gunduma in ba dole. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 kuma ta hana a zana taswirar da za ta narkar da ƙuri'un tsiraru.

Mai riƙe da alƙalamin fa? A akasarin jihohi 'yan majalisar ne da kansu suke zana mazaɓunsu, su zartar da taswirar kamar kowace doka, gwamna ya sa hannu. Mu a ganinmu nan ne babban raunin tsarin, don an ba kura ajiyar nama. Wasu jihohi sun gane haka. A 2008 masu zaɓe a Kalifoniya suka karɓe aikin suka danƙa wa hukumar mutum 14: biyar 'yan Dimokurat, biyar 'yan Rifablikan, huɗu da ba sa cikin ko ɗaya. Michigan ta bi sahu a 2018 da hukumar mutum 13. A Iowa kuwa ma'aikatan majalisa waɗanda ba 'yan siyasa ba ne ke zanawa, kuma an hana su duba adireshin 'yan majalisa masu ci ko sakamakon zaɓukan baya.

Tambaya: Na ji an ce jam'iyya na iya samun ƙuri'u kaɗan amma ta kwashe kujeru mafi yawa. Ta yaya, in ba maguɗi aka yi ba?

Amsa: Ba sai an taɓa akwati ba, Hajiya. Dabara biyu ce: tarawa da warwatsawa. Ga lissafin. Masu zaɓe 500, mazaɓu biyar, kowacce mutum 100. Jam'iyya ta farko tana da magoya baya 300, ta biyu 200, amma ta biyun ce ke zana taswira. Sai ta cusa magoya bayan ta farko 90-90 a mazaɓu biyu, ta bar mata su ta ci da gagarumin rinjaye marar amfani. Saura 120 sai ta watsa su 40-40 a mazaɓu ukun da suka rage, inda ita take da 60-60. Sakamako: mai kashi 40 na ƙuri'u ta tashi da kujeru uku cikin biyar, kuma kowace mazaɓa mutum 100 ce daidai, ba a karya dokar yawan jama'a ba.

Dabarar tsohuwa ce. A 1812 gwamnan Massachusetts, Elbridge Gerry, ya sa hannu a taswirar majalisar dattawan jiharsa, wadda wata mazaɓa a cikinta ta yi lanƙwasa har masu zanen barkwanci suka kamanta ta da ƙadangare. Abin da ya canza yau shi ne kwamfuta, wadda ke iya gwada dubban taswirori cikin ɗan lokaci. A zaɓen 2018 a Wiskonsin, 'yan Dimokurat ne suka fi yawan ƙuri'u a jimillar zaɓen majalisar wakilan jihar, amma 'yan Rifablikan suka samu kujeru 63 cikin 99. Gaskiya ne taruwar magoya bayan Dimokurat a birane da kujerun da ba a yi hamayya a kansu ba sun taimaka wajen wannan tazara, amma taswirar da 'yan Rifablikan suka zana a 2011 ce ta yi babban aikin. Jam'iyyun biyu duk suna yi a inda suka samu dama. A 2019 kuma Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba za su shiga rikicin taswirar da aka zana don son zuciyar jam'iyya ba, don haka mai ƙorafi sai dai ya nufi kotun jiha da kundin tsarin mulkin jiharsa.

Illar da ba a cika faɗa ba ita ce wannan: in kujera ta zama mallakin jam'iyya ɗaya, zaɓen fidda gwani ne ke zama zaɓen gaskiya, kuma mutane ƙalilan ne ke fitowa a yi shi. Ɗan majalisar sai ya koma sauraron waɗannan ƙalilan ɗin.

Tambaya: In ɗan majalisa ya rasu ko ya yi murabus fa? Kuma ana iya yi masa kiranye?

Amsa: Kusan rabin jihohin zaɓen cike gurbi suke yi, sauran kuma naɗawa ake yi, galibi daga jam'iyyar wanda ya bar kujerar. Kiranye yana nan a jihohin da ba su kai rabi ba. A 2013 an yi wa sanatocin jihar Colorado biyu, John Morse da Angela Giron, bayan sun goyi bayan dokokin taƙaita mallakar bindiga.

Tambaya: Idan 'yan takara biyu suka yi kunnen doki, yaya ake yi?

Amsa: Kowace jiha da dokarta, amma ga abin da ya faru a mazaɓa ta 94 ta majalisar wakilan Bajiniya a 2017. Ƙirgar farko ta ba David Yancey na Rifablikan rinjayen ƙuri'a goma a kan Shelly Simonds ta Dimokurat. Da aka sake ƙirgawa, Simonds ta wuce shi da ƙuri'a ɗaya. Washegari alƙalai uku suka duba wata takarda da aka ajiye gefe: mai ita ya cike da'irar sunayen biyu, sannan ya ja layi a kan ta Simonds. Suka ƙirga ta ga Yancey, aka tsaya 11,608 kowanne. Dokar jihar ta ce a yi ƙuri'ar sa'a. Ranar 4 ga Janairu 2018 aka rubuta sunayen a 'yan takardu, aka saka kowanne a ƙaramin gwangwanin fim, aka jefa cikin kwanon tangaram, aka zaro ɗaya. Sunan Yancey ne ya fito, kuma da wannan kujera jam'iyyarsa ta riƙe majalisar da kujeru 51, Dimokurat na da 49.