Idan Wahala Sakamakon Aiki Ce, Me Ya Sa Mabiya Buddha Suke Yawan Kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin matasa a Facebook suna rubuta "karma" duk lokacin da wata masifa ta sami wanda ya cuce su. An gaya mini cewa aƙida ce ta addinin Buddha, wai duk wanda aka gani cikin talauci ko ciwo, abin da ya shuka yake girba. To, idan haka ne, yaya aka yi mutanen Miyanma da Tailan suka yi suna wajen kyauta? Ai wanda ya yarda cewa talaka shi ya jawo wa kansa ba zai tausaya masa ba.
Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki tana kan hanya, domin su kansu mabiya addinin sun daɗe suna muhawara a kanta. Sai dai abin da matasa suke nufi, wato ramuwar gayya da ke sauka nan take, ya yi nisa da abin da Siddhartha Gautama, wato Buddha, wanda aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yau, ya koyar fiye da shekaru 2,400 da suka wuce.

A koyarwarsa, karma aiki ne da mutum ya yi da niyya, ko da zuciya, ko da harshe, ko da gaɓoɓi, kuma sakamakonsa yana iya zuwa a wannan rayuwa ko a wata haihuwa ta gaba, domin sun yi imani ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu. Babu wani mai hukunci da ke yanke sakamakon, kuma a nan ne ta yi hannun riga da imanin Musulmi da Kirista game da hisabi a gaban Allah. Amma abin da ya fi shafar tambayarki shi ne, a cikin tsofaffin nassosinsu na harshen Pali, wani mai suna Sivaka ya tambayi Buddha ko duk abin da mutum yake ji na daɗi ko zafi daga aikinsa na baya yake, sai ya musanta, ya lissafa wasu dalilai kamar rikicewar ruwan jiki, da sauyin yanayi, da sakaci, da farmakin wani. Ke nan babu wanda yake da hurumin duban majinyaci ya ce alhaki ne yake bin sa.

Haka kuma, tunda niyya ce ginshiƙi, wanda ya ga mabukaci ya kau da kai, shi ma a take yana shuka nasa mugun irin. An ruwaito cewa Buddha ya tarar da wani almajirinsa yana fama da atini, kwance cikin ƙazanta ba mai kula da shi, sai shi da hadiminsa Ananda suka wanke shi da hannunsu, sannan ya tara sauran ya faɗa musu cewa wanda yake son yi masa hidima, to ya yi jinyar marar lafiya.

Kyauta, wadda suke kira dana, ita ce darasin farko da ake koya wa mai bi, saboda suna ganin ita take sassauta kwaɗayi, wanda a wurinsu shi ne tushen wahala. Da sassafe a Tailan, ko a garin Luang Prabang na ƙasar Laos, malaman addinin da suka bar aure da dukiya suna fitowa a jere, ba takalmi, riƙe da kwanoni, ba sa roƙo da baki, mutane kuma suna durƙusawa su zuba musu dafaffiyar shinkafa. A Taiwan, wata malama mai suna Cheng Yen ta kafa gidauniyar Tzu Chi a 1966 tare da matan aure 30 da suke tara ɗan canjin cefane kullum a asusun gora, kuma yau gidauniyar tana da asibitoci tana kai agaji ƙasashe da yawa. A Sri Lanka kuwa, mutane da yawa suna yin wasiyyar a cire idanunsu bayan mutuwa domin a yi wa makafi dashe.

Duk da haka, damuwarki tana da tushe, kuma ba zan rufe ta ba. A aikace, akwai wuraren da ake kallon naƙasasshe a ce laifin rayuwarsa ta baya ne, akwai kuma masu fifita kai sadaka ga wurin ibada a kan maƙwabci mai yunwa, don suna ganin ladan can ya fi yawa. Kyautar da aka san Miyanma da ita ma ba ta hana abin da aka yi wa Musulmin Rohingya a 2017 ba, lokacin da sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, alhali wasu malaman addinin suna rura wutar ƙiyayya. A ganina, waɗannan sun saɓa wa nassin da suke da'awar bi, domin addu'ar fatan alheri da ake karantawa a gidajen ibadarsu ta haɗa dukkan mai rai, ba ta ware ƙabila ko addini ba.