Kamfani ya ce aksul ɗin tirelata na da lahani, dila kuma ya ce in jira

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohio, ina jigilar motoci a kan tirela mai aksul biyu zuwa tashar jiragen ruwa ta Baltimore. Wasiƙa ta zo mini daga kamfani cewa waldar kan aksul, inda boris da taya suke zama, tana iya tsagewa. Dila ya ce kayan gyara ba su iso ba. Wani abokina ya ce in kai wa mai walda ya ƙara mata wuta in ci gaba da aiki. Hankalina a tashe yake, ga kuɗin haya ga iyali.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye tirelar nan tukuna.

Gyaran haƙƙinka ne, ba alfarma ba. A dokar Amurka ta 1966 kan amincin ababen hawa, tirela abin hawa ce kamar mota, kuma idan an kira ta, wato kamfani ya aiko a dawo da ita saboda lahani, kamfani ne ke gyarawa kyauta muddin ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba. In ka kai ta bayan ranar da wasiƙar ta ce gyara ya samu, aka yi kwana 60 ba a gyara ba, doka na ɗaukar hakan a matsayin jinkirin da ya wuce kima, kana iya neman a musanya maka ko a dawo da kuɗinka bayan an cire na tsufa. Ka rubuta wa kamfanin da kansa, ka haɗa lambar shaidar tirelar, wato VIN, mai harufa da lambobi 17 da lambar da ke manne jikin aksul. Suka yi shiru, ka kai ƙara hukumar NHTSA, mai kula da amincin ababen hawa a Amurka.

Yanzu batun abokinka. Wallahi na gaji da jin wannan magana ta "a ƙara mata wuta". Kusan kullum sai an kawo mini aksul da aka yi wa faci a bayan gida, an shafe shi da baƙin fenti, mai shi yana murna. Tsagar da kake tsoro tana iya farawa daga ciki, inda ido ba ya gani. Mai walda zai lulluɓe ta daga waje, ita kuwa tana nan tana ci a duk rami da duk birki. Zafin walda kuma yana sauya ƙarfen da ke gefen ɗinkin, wani wuri ya yi laushi, wani ya bushe ya zama mai saurin karyewa, kan aksul ya ɗan karkace, taya ta fara cin gefe, boris ya riƙa ɗaukar zafi. In aksul ɗinka irin mai roba ne a cikin bututu, wutar za ta dafa robar, shi ke nan ya tashi aiki.

Kada kuma wani ya ce maka ai ka yi shekara kana lodi ba abin da ya faru. Ƙarfe mai gajiya haka yake, lafiya lau har ranar da zai ɓalle. Ranar nan taya ce sukutum da gangar birkinta za ta fice a kan babbar hanya, kana gudun mil 65, ta nufi gilashin wanda ke bayanka, mai yiwuwa da 'ya'yansa a mota. Wasiƙar kamfani tana hannunka, ka karanta, ka sani. Me za ka ce wa ɗan sanda da kamfanin inshora? Me za ka ce wa Allah? Ga shi kuma ka ba kamfanin hujjar cewa kai ka taɓa kayansu.

Na san zaman wata guda babu lodi ba wasa ba ne. Ka yi hayar wata tirela kafin kayan su iso, ka ajiye rasit, ka tambayi kamfanin a rubuce ko za su biya, domin doka ba ta tilasta musu wannan ba. Ka kira wasu dilolin ma, sau da yawa wani yana da kayan a ajiye. Ranar da za ka karɓi tirelar, kada ka ja ta sai an ba ka takarda mai ɗauke da lambar kiran da lambar sabon aksul ɗin.