Ousmane da Usman, hushi da fushi: yadda na'ura ke gane kalmomi masu kama

Tambayar farko ta wannan mako ta zo daga wata ɗaliba mai karatun kwamfuta a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, nan Maraɗi. Ta ce: "Malam, an ba ni aikin haɗa sunayen manoman wata ƙungiya wuri ɗaya. Sai in ga Ousmane a nan, Usman a can. Garinsa wani wuri Tessaoua, wani wuri Tasawa. Akwai dabarar da na'ura za ta gane ɗaya ne, ko sai na bi da hannu?"

Ɗiyata, dabara akwai, har iri biyu, amma duka ba don Hausa aka ƙera su ba.

Ta farko awon tazara ce tsakanin kalmomi biyu. Wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyat, Biladimir Lebenshtain, ya fito da ita a 1965. Ana ƙirga gyara mafi ƙanƙanta da zai mai da wannan kalma ta koma waccan: a ƙara harafi, a cire harafi, ko a musanya shi da wani. Daga hushi zuwa fushi gyara 1 ne. Daga Ousmane zuwa Usman 2 ne, a cire o na farko da e na ƙarshe. Daga Tessaoua zuwa Tasawa kuwa sai an yi 4. Tun a 1964 Fired Damerau ya lura cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kurakuran rubutun da ya duba tuntuɓe ɗaya ne kacal, ciki har da juya haruffa biyu na kusa da juna, shi ya sa awon yake da kyau wajen kama zamewar yatsa.

To amma ki duba abin da zai yi mana. Baki da baƙi tazararsu 1. Kare da ƙare 1. Gero da goro 1. Ga Tessaoua da Tasawa, gari ɗaya, ya jefa su nesa da juna. Wato a wajenmu yakan kusanta abin da ba shi da dangantaka, ya raba ƴan uwa.

Dabara ta biyu tana bin sauti. Mafi tsufa ita ce Soundex, wadda Robat Rasel ya yi wa rajista a Amurka a 1918, aka kuma yi amfani da ita wajen jera sunayen da ke cikin takardun ƙidayar jama'ar ƙasar. Ana riƙe harafin farko, a zubar da wasula da h da w da y, sauran baƙaƙe a ba su lamba: b, f, p, v su ne 1, s yana cikin masu 2, d da t su ne 3, m da n su ne 5, r shi ne 6, haka dai, in lambobin ba su kai uku ba a cike da sifili. Da wannan Tessaoua da Tasawa duka suna zama T200, an dace. Amma Ousmane O255 ne, Usman U255, harafin farko ya raba su. Tafi T100, tahi T000. Abin da ya fi damuna shi ne zubar da wasali. Gari, gero, goro, gara da gora duka G600 ne. Wanda ya cire wa Hausa wasali ya cire mata rabin ma'ana. Balle ma tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su: garin Maraɗi da garin tuwo harafi ɗaya bai bambanta su ba, jimla ce kawai ke raba su.

Shawarata ita ce kafin ki auna komai, ki fara mai da rubutun duka hanya ɗaya, da ƙa'idojin da kika rubuta da kanki. Sunayenmu sun bi ta hannun masu rubutun Faransanci, kuma sawunsu a fili yake: ou shi ne u, in wasali ya biyo shi ya zama w, tch shi ne c, dj shi ne j, ch shi ne sh, gui shi ne gi, e na ƙarshe bayan baƙi yawanci ba a furta shi. Ki kula da jeri: in kika gyara ch kafin tch, Tchadoua zai fito miki Tshadwa, ki rasa inda aka kwana. In kika bi daidai, Ousmane ya koma Usman ba saura, Guidan Roumdji ya koma Gidan Rumji, Tessaoua ta koma Tesawa, saura gyara 1 tak. Rage ss zuwa s kuwa a sunayen Faransanci kaɗai za ki yi shi, don a Hausa baba daban, babba daban.

Bayan nan sai ƙa'idojin karin harshe, kuma nan ne kunnen ɗan Maraɗi ya fi kowane littafin lissafi amfani. Mu ne ke cewa tahi, hwara, zamna, sabro, amre, halshe, biyat, inda Bakano zai ce tafi, fara, zauna, sauro, aure, harshe, biyar. Ki sa na'urar ta ɗauki musayar f da h, ko l da r a ƙarshen gaɓa, a matsayin rabin gyara, musayar e da o kuwa cikakke. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana irin waɗannan da yawa, yana nuna na Katsina da na Sakkwato. Ƴ ɗinmu na Nijar da 'y na Najeriya ki haɗe su. Masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, mutane da yawa ba sa buga su a salula, don haka ki bari bincike ya nemo da ƙugiya da babu, amma kada ki goge ƙugiyar daga ainihin rubutun.

Na'ura ta kawo miki waɗanda take zato, ke ki yanke. Kama da wane ba wane ba ne. A gida ɗaya akan sami Mahamadou da Mamane, wa da ƙane, kowa da gonarsa. Sai kin duba sunan uba da ƙauye kafin ki haɗe layi biyu, don in kika haɗe su a kuskure, wani ne zai rasa rabonsa na taki.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo ce a Tibirin Gobir, tsohon malamin lakwal. Ya ce ya nemi "zomo ba ya hushi da makashinai" a intanet bai samu ba, yana son ma'anar, kuma ko shi ne ya riƙe ta ba daidai ba.

Baba, daidai ka riƙe. Abin da ka fi tararwa a rubuce shi ne "zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa", don daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano ta dogara. Hushi da fushi, -nai da -nsa, duk Hausa ce tsantsa. Maratayi shi ne wanda ya rataya zomon a kafaɗa ya bi da shi ta tsakiyar gari kowa na gani. Akan faɗe ta in wani ya yi wa mutum ɓarna, wani kuma ya ɗauki labarin yana yawo da shi: zafin tallar ya fi zafin ɓarnar. Wasu na kawo ta inda aka bar mai laifi aka kama wanda aka gani da kaya, wannan ma ta ɗauka.

Wajen nema, kada ka buga karin maganar duka. Ka zaɓi kalmomin da ba sa sauyawa daga gari zuwa gari, ka sa "zomo" da "maratayi" ko "maratayinsa", za ka fi saurin samu. In kuma kana rubuta karin maganar Gobir don jikoki, ina roƙonka ka rubuta su yadda ka ji daga bakin tsofaffi, da hushi da -nai ɗinsu, sannan ka ƙara ta Kano a gefe tare da sunan garin da ka ji kowace.