Amsa: layi-layin da ke fitowa a gefen maski mai laushi

Malam, ka ce idan ka lausasa gefen maski (shacin da ake zanawa a manhajar tace bidiyo don ware wani sashe) don ya narke cikin hoto, sai zobba su bayyana kamar matakala, musamman a wurare masu duhu. Laifin ba na maskin ba ne, zurfin launi ne ya yi kaɗan. Bidiyo mai bit 8 matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, kuma idan laushin ya yi faɗi a kan bango mai duhu, 'yan matakan da suka rage ba sa isa su cike tsakani. Bit 10 kuwa 1024 ne.

A manhajar After Effects mayar da aikin zuwa bit 16. A manhajar Premiere kunna zaɓin Render at Maximum Depth. Sannan ka yayyafa ɗan tsakin hoto (grain, wato ƙananan ɗige-ɗige) a saman komai, kamar kashi 1 ko 2 cikin ɗari. Mutane na raina wannan, amma a ganina shi ne maganin gaske, domin yana wargaza layukan ido ya daina kama su.

Ka fitar da bidiyon a ProRes 422 (tsarin da ba ya matse bidiyo sosai) tukuna ka duba. In can lafiya lau ne, to matsewar H.264 (tsarin da ke matse bidiyo don rage girman fayil) ce ta dawo da layukan, sai ka ƙara bitiret, wato yawan bayanan da bidiyon ke ɗauka a kowace daƙiƙa.