Ayar da Ke Kan Dutsen Dattijo

Ka ce iyalan dattijon nan sun kawo maka shafi biyu cike da tarihinsa, suna so a zuba duka a kan dutsen kabarinsa, kana tambaya ta ina za ka fara. Ajiye kurfin nan tukuna, yaro, zo ka zauna.

Jan layi da tazarar haruffa ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Wanda ya shekara biyu a gabana bai iya wannan ba, gara ya nemi wata sana'a. Mutumin da ya kai shekara 90 yana bin Ubangiji, ya riƙe mace ɗaya, ya ga jikoki har da tattaɓa kunne, rayuwarsa ba ta shiga faɗin kamu biyu. Zabura 90:10 ta sa kwanakin mutum shekara 70, in da ƙarfi 80, shi kuwa ya wuce duka. Ka sa suna, shekarar haihuwa da ta rasuwa, "miji, uba, kaka", sai aya ɗaya. Sauran a bar wa fasto da 'ya'ya su faɗa a majami'a.

To, ayar nan ɗaya ita ta taɓa kai ni ƙasa, kuma har gobe in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Wani dattijon ikilisiya ne, na san shi ido da ido. Shi ke buɗe ƙofar majami'a tun ba a ga tafin hannu ba. Littafi Mai Tsarkinsa tsohuwar fassarar Hausa ce ta 1932, bangon ya rabu, ya ɗinke shi da zare da hannunsa. Sun haura shekara 60 da matarsa, Mama, kuma da idonsa ya dushe ita ke karanta masa kowace safiya, yana gyara mata in ta tsallake layi. Irin mutanen nan sun yi wuya yanzu.

Da ya huta, babban ɗansa ya zo da mota, ko saukowa bai yi ba, ta taga muka yi magana. Ya ce baƙin giranit yake so. Ka dai sani, mabul ko wuƙa tana karce shi, ruwan sama kuma yana cin haruffansa a hankali, amma abin da ka sara a giranit ya zauna ke nan. Na tambaye shi aya, ya ce zai kira ni. Da yamma ya kira: "Timoti ta fari, huɗu, bakwai. Lambar kawai ka sa." Sau biyu na maimaita masa, sau biyu ya ce haka ne.

Kwana tara na yi a kan dutsen nan. Ban bar yaro ko ɗaya ya taɓa shi ba, don girman mai shi. Na zuba wa haruffan ruwan zinariya. Aikin da ya fita daga hannuna a shekarar, babu kamarsa.

Aka jira ƙasar kabarin ta zauna, aka sa ranar kafa dutse. Jama'a sun taru, aka ajiye wa Mama kujera a gaba. Fasto ya dubi dutsen, ya buɗe Littafi, ya fara karatu, sai muryarsa ta tsaya. Abin da iyali ke nufi shi ne 2 Timoti 4:7, inda Bulus ya ce ya yi yaƙi mai kyau, ya gama tseren, ya riƙe bangaskiya. Ita kuwa 1 Timoti 4:7 gargaɗi ne a guji tatsuniyoyin banza irin na tsofaffin mata. Wannan ne a kan kabarin mutumin da bai taɓa ɗaga wa matarsa murya ba, ga ta zaune a wurin! Mama ta fi mu duka sanin Littafi. Ba ta ce uffan ba, ta dai sunkuyar da kai, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nan take ɗan ya juyo kaina, a gaban kowa, ya rantse "ta biyu" ya ce. Ba takarda, ba shaida. Ragowar kuɗina ya danne har yau. Kuma tsagin 1 ba ya komawa 2: in ka cike shi da gam, rana da ruwa za su tona maka asiri kafin shekara. Na sayi wani dutse da kuɗin aljihuna, abin da ya ci aikina na wata uku, na sake sarawa daga farko. Don Mama na yi, ba don shi ba. Ko sannu bai ce mini ba.

Laifina ɗaya ne a ciki. Littafin yana kan kanta, taku uku daga inda nake tsaye, ban buɗe ba.

Ku kuwa yaran yanzu ko kantar ma ba ku da ita. Sai ku latsa waya, ku kwafo aya daga intanet, ba ku san ko wace fassara ce ba, kwamfuta ta yanka muku haruffa, kuna gaggawar karɓar kuɗi.

A aikin nan naka, kada ka tambayi 'ya'ya aya, wurin matar mamacin za ka. Ka ce ta ɗauko Littafin da yake karantawa, za ka ga inda ya ja layi, inda shafi ya yi baƙi da yatsa. Ka kwafe da fassarar da ya saba. Ka zana komai a takarda daidai girman dutsen, babban ɗa da fasto su sa hannu, takardar kuma ta kwana a wurinka.

Wancan dutsen yana nan bayan shago a kife, ƙarƙashin buhunan yashi. Je ka juya shi ka gani da idonka, sannan ka tafi wurin matar dattijon nan naka. Kuma ka cire abin nan daga kunnenka kafin ka gaishe ta.